Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da jirginka da tekunka. Mu nan alhamdu lillahi. Yara suna zuwa makaranta, Abbansu yana fama da aiki, ni ma kullum ina kemis a tsaye bayan kanta. Baba jiki ya yi kyau. Ramin da likitoci suka bar masa a wuya bayan sun cire maƙogwaron ya warke sarai, yana cin abinci, har ya fara zagaya gida da sandarsa.

Kwamfutarka ce ba ta da lafiya. Na ce taka, don kai ka kawo dabarar. Kai ka zaunar da shi kafin a yi masa aiki, ka ɗauki muryarsa magana bayan magana, ka jera su a fuskar kwamfutar kowace da ɗan hotonta tunda bai iya karatu ba, kofi na neman ruwa, tafin hannu na gaisuwa, da sauransu. A lokacin na yaba maka, kuma ban janye ba. Amma ka sa ƙafa ka tafi ka bar mu da tsohuwar da ta girmi ɗana na fari.

Da safe in na kunna ta, sai in dafa shayi, in shirya yara, in dawo, tana nan tana tunani. In Baba ya danna, ƴar da'irar nan ta dinga juyawa ke nan, fankar ciki tana gurnani, muryar ba za ta fito ba sai an wuce wurin. Jiya Kwandasta ya zo, abokinsa tun zamanin da Baba yake tuƙa babbar mota. Ya shiga tsokanarsa kamar yadda suka saba, wai tun da aka yanke wa Direba murya unguwa ta samu lafiya. Baba ya yi wuf ya danna amsarsa. Shiru. Kwandasta ya jira, ya kawo wata hirar, ya yi sallama ya tafi. Sai da Abban yara ya leƙo yana gaishe shi, yana cewa yanzu ya dawo daga aiki, sannan muryar Baba ta cika ɗakin: "Ƙaryarka ta sha ƙarya." Bawan Allah ya tsaya da takalmi a hannu bai san laifin da ya yi ba.

Yara sun ga abin wasa. Baba kuwa ya zare hannunsa daga linzamin kwamfutar ya ɗora a cinya, kuma har yanzu da nake rubuta maka bai sake taɓa shi ba. Raina ya ɓaci, Auta, ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a magana ba, yau ƙarfe ne yake kayar da shi a gaban jikoki. In aka bar shi haka zai daina gwadawa gaba ɗaya, na san halinsa, kai ma ka sani.

Kai ne mai gyaran na'urorin jirgin ruwa guda. Ka faɗa mini abin da zan yi wa akwati ɗaya.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin wuyan Baba fiye da yadda zan iya rubutawa. Ni ma lafiya, sai ciwon baya da kewar gida. Ki gaishe da Abban yara da yaran. Ki yi haƙuri da jinkiri, kin san ba ma samun intanet sai mun tsaya a tasha, kuma yau muka tsaya.

Kwamfutar ba ta mutu ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi. Duk sabuntawar da ta yi ƙara ƙiba take yi, ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfutar tana nan yadda aka haife ta. Ki ɗauka an yi wa ƙaramar mota lodin tirela. Magani shi ne a sauke wannan a ɗora mata mara nauyi, kuma akwai su kyauta a intanet.

Akwai wata mai tambarin ɓera, ita ce ta fi kama da wadda kuka saba, amma ita ma tana da ɗan jiki. Mai tambarin tsuntsu ta fi ta sauƙi, sai dai ban taɓa gwada ta da irin sifikar Baba ba. Sai kuma wata da muke ce wa Ƙwarangwal a nan, don babu tsoka a jikinta ko kaɗan, da ita nake tayar da tsofaffin kwamfutocin ɗakin inji. Kowace da amfaninta da kuma inda take gazawa, shi ya sa ba na son in yanke hukunci da ka. Ki duba bayan akwatin ki rubuto mini abin da ke jikin takardar da aka liƙa. Ki shiga saiti ki ga girman ƙwaƙwalwar. Ki kuma duba ko wayar sifikar mai siririn kai ce ko mai faɗin kai.

Ko kuma mafi sauƙi, a mayar da muryoyin kan laftof ɗin Abban yara a huta. Me ya hana?

Kafin nan, a riƙa ba shi lokaci. In ya danna a jira shi, kada a yi gaba da hira a bar shi a baya. Haƙuri kawai abin yake so.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce ina tuna shi kullum.

Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai ƙaramar da mura ta kama, ita ma ta warware. Allah ya sawwaƙe ciwon bayan.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun don in tabbatar da idona ne ya ga kalmar haƙuri. Ni kake koya wa haƙuri? Ni da nake wanke ramin wuyansa safe da yamma, nake zuƙe majina da roba, nake barin kanta a hannun abokiyar aiki in rugo gida in ya shaƙe? Kana can tsakiyar ruwa kana kallon kifi, ka ɗauki alƙalami ka rubuto mini cewa a riƙa jiransa. To mun jira. Mun zauna shiru mu duka kamar masu jiran sakamakon asibiti, muna kallon da'ira tana juyawa, shi kuma yana kallonmu muna jiransa. Wannan ya fi ƙona masa rai fiye da a wuce shi. Yanzu cokali ya samu, yana buga ƙarfen gado in yana son abu. Ubanmu, Auta. Da cokali.

Laftof kuma da kake tambayar me ya hana, kana ganin ban kai ba? Na kai masa har gado. Ya ture shi da bayan hannu. Fuskar ta yi masa ƙanƙanta, hannunsa na rawa ba ya iya shafa wurin nan da ake shafawa, wayar hannu ma haka. Abin da ya fi wannan, shi a wurinsa muryarsa tana cikin wannan baƙin akwatin ne, a nan ya zuba ta, a nan take zaune. Ko goge ƙura zan yi sai ya bi ni da ido. Mutumin da ya riƙe mota ɗaya har ta tsufa tare da shi, shi za ka ce wa ya sauya?

Na tambaye ka abu ɗaya, ka aiko mini da ɓera da tsuntsu da ƙashi, kamar na ce zan buɗe gidan dabbobi. In mutum ya zo kemis da ciwon kai ba na jera masa magunguna in ce kowane da amfaninsa. Ɗaya nake miƙa masa.

Na durƙusa a bayan tebur da tocila na ɗauki hoton takardar, ga shi na haɗa maka, tare da hoton abin da saiti ya nuna. Wayar sifikar mai siririn kai ce, koriya. Ka zaɓi ɗaya, wadda ta fi sauri, ka gaya mini yadda ake yi da Hausar da mutum zai gane. Saƙon gaisuwarka na isar. Ya kalle ni, ya kalli kwamfutar, ya juya fuska bango.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa ƙaramar sauƙi.

Ban ce ba ki da haƙuri ba, kuma kin san ban ce ba. Amma ba ni da lokacin faɗa, an kusa kwance igiya jirgi ya tashi. Na ga hotunan. Ƙwaƙwalwar ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Tunda sauri kike so, kuma ɗaya kike so, to ki saka Ƙwarangwal. Babu wadda ta kai ta.

Ki samo filas biyu, ƴan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. A na farko ki kwashe muryoyin Baba duka, suna cikin jakar da na sa wa suna Baba. Ki saurari biyu ko uku daga filas ɗin ki tabbatar sun kwafu, don babu su a ko'ina a duniya sai a wannan kwamfutar, wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa. A na biyu ki sauke manhajar daga adireshin da na haɗa miki, hotunan kowane mataki suna tare. Ki soka shi, ki kunna kwamfutar, ki bi hotunan. In ta tambaya ko ta share komai, ki ce i. In ta gama, ki zuba muryoyin a fuskarta.

Ki gaishe da yara, ki ce wa babban ya daina wasa da karatu. Ki gwada kowace murya kafin ki zaunar da Baba a gabanta.

Auta

*

Auta,

Sallama. Jikin kowa lafiya. Ban da wannan ba ni da wani labari mai daɗi.

Matar Kwandasta ta rasu makon jiya. Baba bai iya zuwa ba saboda ƙurar hanya da ramin wuyansa, ni na je a madadinsa. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka ci gaba.

Ranar hutuna na yi abin da ka ce. Na kwashe muryoyin a filas, Baba ya miƙo hannu ya karɓe, ya sa a aljihun gaban rigarsa ya dafe da tafi har na gama. Na bi hotunanka. Ƙwarangwal ɗinka ta hau, kuma gaskiyarka, kafin in gyara zama ta buɗe. Na zuba muryoyin a fuskarta, suka jeru layi layi. Sai dai babu kofi, babu tafin hannu, babu hoto ko ɗaya. Duk iri ɗaya suka fito, masu ruwan toka, kowace da lamba a ƙasa, don kai da ka ɗauka lambobi ka sa musu maimakon suna. Na ce bari in sauke tukunya in dawo in duba. Ina kicin na ji sallamar Kwandasta, fitarsa ta farko ke nan tun rasuwar, kuma wurin Baba ya fara zuwa.

Na shigo da ruwa na same su zaune. Kwandasta ya rame, idonsa a ƙasa. Baba ya jawo kujera gaban kwamfutar, karo na farko bayan duk wannan lokacin. Ka san ba hoton kawai yake bi ba, wurin ma ya haddace. Hannunsa ya tafi can gefen dama, inda "Allah ya ji ƙan rai, ya ba ku haƙuri" take zama tun farko. Ya danna.

Dariya ce ta fito, Auta. Dariyarsa, babbar nan da ake ji daga bakin titi. Ni ban ma san ka ɗauke ta ba. Manhajarka ta jera komai bisa lamba, ta ajiye dariyar a wurin ta'aziyya, kuma ba ta yi jinkirin ko ƙiftawar ido ba. Baba ya rikice ya sake dannawa don ta tsaya, sai wata ta buɗe a kan ta farko, ya sake, wata ta ƙaru. Ɗakin ya cika da Baba yana ƙyaƙyata dariya baki uku, shi kuma yana zaune bakinsa a buɗe, iska kawai ke fita ta wuyansa.

Kwandasta ya miƙe a hankali. Ya ce, "Ba komai, Direba." Ya sa takalmi ya fita. Na bi shi har ƙofa ina bayani, yana gyaɗa kai, amma ban ga alamar yana ji ba.

Da na dawo Baba ya fizge wayar wutar daga bango, ya lulluɓe kwamfutar da tawul. Cokalin ma ya daina bugawa. In na kawo abinci ya ci, in ban kawo ba ba zai nema ba.

Ka san yadda take jera abubuwa, kai ka ce da ita kake aiki kullum. Ka san ubanka bai iya karatu ba. Ka haɗa waɗannan biyun a kanka ko sau ɗaya kafin ka ce in saka ta? Ban taɓa jin haushinka kamar yau ba.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Muna wucewa kusa da gaɓa, na samu ɗan layin intanet da ke aikawa amma ba ya buɗe saƙo, don haka ban ga ko kin rubuto ba. Ina lafiya, bayan ma ya saki.

Na san zuwa yanzu tsohuwa tana gudu kamar yarinya. Ina ta hango Baba yana mayar wa Kwandasta martani tun bai rufe baki ba, ina dariya ni kaɗai a ɗakin inji. Kin ga amfanin ƙanenki? In kin huce ina jiran godiyata, ba sai ta yi tsawo ba.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya.

Na san ka ce ba ka ga wasiƙata ba. Na sani da kaina, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Na buɗe saƙonka a kemis, ana layi a gabana, sai da na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwali. Kana dariya kai kaɗai a ɗakin inji. To mu ma an yi dariya a nan, ka buɗe ta baya ka ji irinta.

Tawul yana nan inda yake. Kwandasta bai dawo ba. Baba ya fara barin abinci a kwano.

Godiyarka tana nan na ajiye maka, ka zo ka karɓa da hannunka.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya a jiki. Allah ya ji ƙan matar Kwandasta, ta sha ba ni abinci ina ƙarami. Mun tsaya a tasha, na buɗe wasiƙunki biyu a jere, na kasa komawa bakin aiki.

Ban yi tunanin jerin ba. A ɗakin inji babu mai damuwa da inda abu ya zauna, suna muke karantawa. Amma ke ma ki koma ƙarshen wasiƙata ki karanta layin ƙarshe. Na ce ki gwada kowace murya kafin ki zaunar da shi. Kin ce ɗaya kike so, mafi sauri, kin hana ni in yi tunani, kin kira tambayoyina gidan dabbobi. Yanzu kuma duk kayan a kaina. Ba zan ɗauka ni kaɗai ba.

Kuma ki daina rubuto mini kamar hutu na zo yi. Kina wanke wuyansa, Allah ya saka miki, ba zan taɓa iya biyanki ba. Amma ba ki cikin ɗakin ranar da muka ɗauki muryar. Ni na riƙe wayar yana faɗin "kawo ruwa" yana sane da cewa ba zai ƙara faɗa da bakinsa ba. Dariyar nan da kike cewa ba ki san da ita ba, shi ya nema. Ya kasa yin ta da gangan, sai da na tuna masa ranar da Kwandasta ya yi barci a kan lodi ya farka a wani gari. Da ya gama ya share hawaye ya ce, "Wannan ta Kwandasta ce. Kada ya yi barkwanci ya ji shiru." Da wannan nake kwana nake tashi tun da na karanta wasiƙarki.

Ki cire Ƙwarangwal ki saka mai ɓera. Ba ta kai waccan sauri ba, amma ta ninka ta farkon nan sau da yawa, kuma tana barin abu a inda aka ajiye shi, tana yarda a sa wa kowane hotonsa. Hotunan suna cikin jakar nan tare da muryoyin, na haɗa miki yadda ake liƙa su. Jerin kuwa ban tuna shi ba, kada ki tambaye ni. Baba ne ya nuna inda kowace za ta zauna, shi kaɗai ya sani. Ki rage sautin sifikar, ki rufe ƙofa, kada kowa ya shigo sai an gama.

In ya ƙi, ki rubuto mini. In kuma zagi za ki ƙara, ki ƙara, amma ki saka manhajar tukuna.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Baba ya koma cinye abincinsa.

Layin da kake tinƙaho da shi na gan shi. Yana can ƙasa, a maƙale bayan gaisuwar yara, inda babu mai ajiye magana mai muhimmanci sai kai. Wannan faɗan ba mu gama shi ba, na dai ɗage shi ne.

Na saka mai ɓera. Na ɗaga tawul Baba yana kallo, bai hana ni ba, bai kuma matso ba. Filas ɗin ma da ƙyar ya zaro daga aljihu. Na liƙa wa kowace hotonta, na ce ya zo ya nuna mini jerin, ya juya kai. Sai na fara jerawa da kaina, kuma da gangan na yi ta ɓatawa. Na sa ruwa a can ƙasa, na sa gaisuwa kusa da banɗaki. Ina jin numfashinsa yana sauyawa a bayana. Ka san bai taɓa iya kallon ana yin lodi ba daidai ba. Ban kai rabi ba na ji sanda a ƙafar kujerata. Na tashi, ya zauna, ya jera abinsa ɗaya bayan ɗaya yana saurara. In ya danna, kafin ya ɗaga yatsa ta fito. Abin da ya fara ce mini da ita shi ne "Ba haka ake yi ba," kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Abban yara ya je ya ɗauko Kwandasta da mota. Baba ya zaunar da shi, ya kama hannunsa da hagu, ya danna da dama. Ta'aziyyar ta fito daidai, a kan lokaci. Kwandasta ya yi kuka, ni ma na fita.

Amma ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da yake jerawa, da ya zo kan dariyar, ya ji farkonta kawai ya tsayar. Ya ja ta ya jefa a kwandon sharar da ke kusurwar fuskar kwamfutar. Sannan ya nuna filas. Na yi kamar ban gane ba, ya buga sanda. Direba ne, ya san akwai safaya, kwafin dariyar yana nan a ciki. Ya sa na soka filas ɗin, ya yi ta saurara har ya same ta, ya tsaya a kaina na goge ta, ta tafi gaba ɗaya. Wurinta a jerin bai cike shi da komai ba.

Shekaranjiya Kwandasta ya dawo, ya ɗan warware, har ya yi barkwancinsa na farko, wai kwamfutar Direba ta fi motarsa birki. Kafaɗun Baba suka girgiza. Hannunsa ya tafi da kansa wurin da babu komai, ya danna. Su biyun suka zauna suna kallon wurin. Kwandasta ya yi tari ya tambayi ko akwai shayi.

Shi a ganinsa abin da ya shiga kwando ya tafi. Ni na san tana ciki, don hoton kwandon ya nuna a cike. Zan iya kwashe ta in ɓoye in yana barci, na yi tunanin haka, amma ba zan yi masa sata a cikin muryarsa ba. Hannunsa ya jefar, in za ta dawo hannunsa zai ɗauko, ranar da zan iya gaya masa tana nan. Yanzu ba lokacin ba ne. Na hana yara kusantar teburin, na hana Abbansu.

Abin da ban sani ba shi ne halin wannan manhajar da ka zaɓa. Wayata tana zubar da abin da aka goge da kanta in ya daɗe, ba ta tambayar kowa. Ita ma haka take yi? Kullum da safe kafin in gaishe shi sai na kalli kwandon nan in ga ko tana nan.

Kada ka aiko mini da bayani, kada ka ce kowace da amfaninta. Ka amsa kafin jirginku ya tashi, i ko a'a.

Yayarka